Wayar da ta kwana a caji ta ƙi tashi: yadda ake gano takamaiman abin da ya lalace

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan koyo ne a wani shagon gyaran waya, kuma zuwa yanzu na iya canja sikirin da bakin caji da batir. An kawo mana wata waya Android, mai ita ya ce lafiyarta lau ya jona ta a caji da daddare, da gari ya waye ta ƙi tashi. Mun canja mata daunbod, wato ƙaramin allon da bakin caji yake kai, mun gwada wani batir, shiru. Maigidana ya ɗan hura wa injin, wato babban allon lantarkin wayar, iska mai zafi da buluwa, da ta ƙi motsi sai ya ce injin ya mutu, sai dai a sayi wani. Mai wayar kuwa ya hana mu sakat, domin hotunan iyalinsa da lambobin abokan cinikinsa duk suna ciki. Shin akwai hanyar da ake bi a gane takamaiman abin da ya lalace, ko dai canje-canje ake ta yi har a dace?"

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko akwai tsarin da ake bi wajen binciken wayar da ta mutu, da kuma ko cewa injin ya mutu shi ne ƙarshen magana. Tsari akwai shi, kuma ginshiƙinsa shi ne a auna kafin a taɓa, a taɓa kafin a sa zafi. Cewa injin ya mutu kuwa bayani ne na halin da wayar take ciki, bai gaya mana musabbabi ba, domin a kan injin nan akwai ɗaruruwan ƙananan kayayyaki, kuma guda ɗaya tak, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ya isa ya hana wayar tashi alhali duk sauran suna da lafiya.

Ba na ganin laifin maigidanka a kan lissafin da ya yi. Wanda ya taɓa zama a teburin gyara a kasuwa mai cunkoso irin Farm Centre ta Kano ya san cewa mai waya a tsaye yake a kanka, bayansa kuma ga wasu suna jira, saboda haka ɓata rabin yini a kan inji ɗaya sau da yawa ba ya biyan kuɗin wahalarsa. Sai dai lissafin yana canjawa idan abin da ke cikin wayar ya fi wa mai ita daraja a kan wayar kanta, kuma wannan shi ne halin da kuke ciki.

Hanyar da wuta take bi

Ba za ka iya binciken wayar da ta mutu ba sai hanyar wutarta ta zauna maka a ka. Cajar gama-gari tana ba da bolt 5. Wutar tana shiga ta bakin caji, wanda a yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel da ƙananan Samsung yana zaune a kan daunbod tare da makirfon, daga nan dogon fileks, wato siririyar igiyar lantarki mai faɗi kamar kirtani, ya hau da ita zuwa inji. A kan inji tana fara cin karo da abin kariya, dayod ko ƙaramin IC, wato ɗan baƙin guntun lantarki mai ƙafafu da yawa, wanda aikinsa shi ne tare wutar da ta wuce kima, sannan ta isa IC na caji. Shi IC na caji yana cika batir, kuma yana ciyar da babban layin wutar wayar, wanda a taswirar injin da ke da CPU, wato ƙwaƙwalwar wayar, na kamfanin MediaTek za ka gan shi da sunan VSYS, a ta Qualcomm VPH_PWR, a ta iPhone kuma VCC_MAIN ko VDD_MAIN. Daga babban layi IC na wuta yake ɗiba ya rarraba ta ƙanana-ƙanana, wani layin bolt 1.8, wani kusan bolt 3, na cikin CPU kuwa sau da yawa ƙasa da bolt 1. Sai waɗannan sun tsaya daidai CPU yake farkawa, ya karanto umarnin tashi daga ma'adanar bayanai, wato eMMC ko UFS, sa'annan ya kunna sikirin.

Duk wayar da ta ƙi tashi, a wani wuri cikin wannan jerin ne tafiyar ta tsaya, aikin mai bincike kuma shi ne ya gano inda wutar ta kai da inda ta kasa wucewa. Abin da kuka yi, canja daunbod da batir, ya taɓa matakai biyu ne kawai, kuma ko su ba a tabbatar da su da awo ba.

Kafin a kwance sukuru ko ɗaya

Binciken yana farawa ne daga bakin mai waya. Ka tambaye shi cikin natsuwa da wace caja ya jona ta, ko a gida ne ko wajen masu cajin kuɗi, ko da janareta ne, ko an ɗauke wuta an dawo da ita cikin daren, ko ya tarar da ita da zafi da safe, ko ta taɓa faɗuwa ko jiƙewa a 'yan kwanakin baya, da kuma ko wani ya taɓa buɗe ta kafin ku. Mutane ba sa son ambaton ruwa da faɗuwa don gudun a ɗora musu laifi, shi ya sa na fi tambayar cewa ko yara suna wasa da ita, ko yana shiga da ita banɗaki, a nan ne gaskiya take fitowa. Wayar da ta mutu tana kan caji tana sa in fara zargin ɓangaren shigar wuta, musamman idan caja ce maras inganci a kan janaretan da wutarsa take hawa da sauka. Akwai kuma zafi: batirin litiyam an yi shi ne a caja shi tsakanin digiri 0 da 45 a ma'aunin Salshiyos, alhali a watan Afrilu zafin garuruwanmu yakan haura 40, ga kuma masu tura wayar ƙarƙashin matashin kai tana caji.

Bayan haka sai a tabbatar wayar ta mutu da gaske. Wayoyi da yawa da ake kawowa da sunan sun mutu a kunne suke, sikirin ne kawai ya ɗauke. Ka danne madannin kunnawa, shi kaɗai ko tare da na rage murya, na kamar daƙiƙa 10 zuwa 20, ka ji ko za ta yi girgiza, ka sa mata layi ka kira ka ji ko zai shiga. Idan sikirin ɗinta LCD ne, ka haska shi da tocila daga gefe a wuri mai duhu, in ka hango rubutu dishi-dishi to hasken baya ne ya mutu, kuma matsalar tana kan koyil, wato ɗan naɗaɗɗen zaren tagulla, da dayod da IC ɗin da suke ɗaga wutar batir zuwa kusan bolt 20 don kunna fitilun sikirin. Wannan gwajin ba ya aiki a kan AMOLED, domin shi ba shi da hasken baya. Ka kuma jona ta da kwamfuta ka sa ido a kan jerin na'urori. Idan MediaTek ce kuma sunan PreLoader ya bayyana ya ɓace, ko Qualcomm ce ta fito da lambar 9008, to CPU yana raye, kuma wannan kaɗai ya rushe maganar cewa injin ya mutu gaba ɗaya.

Abu mafi araha da zai canja maka aiki shi ne ƙaramar mitar USB da ake saƙalawa tsakanin caja da igiya. Lafiyayyar waya mai ƙarancin caji tana jan amfiya 1 zuwa 2. Wadda batirinta ya sauka ƙasa sosai takan fara da ɗan kaɗan, wajen 0.1, ta yi 'yan mintoci a haka kafin ta hau, saboda haka kada a yanke mata hukunci da wuri. Idan mitar ta tsaya a 0.00, wutar ba ta samun hanya, kuma zargi yana kan bakin caji ko fileks ko abin kariya ko IC na caji. Idan kuma cajar tana ɗaukewa tana dawowa da zarar an jona, akwai shot, wato wutar tana zurarewa ta gajeriyar hanyar da ba tata ba, a layin shigar wuta. Da hunturu, kafin komai ka leƙa cikin bakin cajin da haske, domin ƙura da zaren aljihu sukan dunƙule a ƙasansa su hana kan igiyar zama, tsinken sakace kawai ya isa ya fitar da su.

Buɗe wayar

Tun da kun riga kun buɗe wannan ba zan daɗe a nan ba, amma akwai abubuwan da nake so su zame maka ɗabi'a. A fara cire tiren layi, domin a wayoyi da yawa ya ratsa firam, in aka manta da shi a ciki sai a karya wani abu wajen ɗagawa. Bayan da aka manne da gam ana ɗumama shi zuwa kusan digiri 80 ne kawai, a zura siririn roba a bi gefe a hankali, kada a tura shi can ciki, kuma a tuna cewa wayoyin da ke da madangwalin yatsa a baya suna da fileks da ya liƙe da murfin. Samsung da akasarin wayoyin Android na yanzu ta baya ake shigarsu, iPhone kuwa an daɗe ana shigarta ta sikirin bayan an kwance sukurori biyu masu kan tauraro da ke gefen bakin caji, kuma tun daga iPhone 7 ta 2016 akwai sukurori masu baki uku a ciki. Kowane sukuru a ajiye shi daidai da ramin da ya fito, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. An san wannan ɓarnar sosai a iPhone 5s da 6, inda dogon sukuru a gajeren rami yake huda inji ya yanke layukan da ke ƙarƙashinsa.

Da zarar ka kai ga inji, batir ne abu na farko da za a cire daga soket, shi ne kuma na ƙarshe da za a mayar, kuma da roba ko farce ake ɓalle shi, ba da matsefatar ƙarfe ba. Wanda ya zare fileks ɗin sikirin batir yana jone, shi ne yake ƙona layin hasken baya ya ƙara wa kansa aiki. Batirin da ya kumbura ba a lanƙwasa shi, ba a soka masa ƙarfe, ba a hura masa zafi, a ɗiga sifirit a ƙarƙashinsa gam ɗin ya saki. Duniya ta ga abin da batirin litiyam yake iya yi a 2016, lokacin da aka janye Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda kamawa da wuta, shi ya sa nake son ganin bokitin yashi a kowane shago. Busasshiyar iskar hunturu kuma tana tara tartsatsin lantarki a jikin mutum, irin wanda kake ji in ka taɓa ƙofar mota, saboda haka a yi aiki a kan shimfiɗar da aka tanada don haka, ko aƙalla a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a ɗauki inji.

Daga nan sai kallo, a ƙarƙashin madubin ƙara girma in akwai shi. Ka duba 'yar farar takardar nan ta shaidar ruwa, in ta koma ja ko ruwan hoda to ruwa ya shiga, komai rantsuwar mai waya. Ka ɗaga kowane fileks ka duba ƙafafun soket ɗinsa. Tsatsar ruwa a kan inji takan fito kore-kore ko fari-fari kamar gari, tana taruwa a gefen soket da ƙarƙashin murfin ƙarfe, ƙafar da ta ci kuma takan yi baƙi ta rasa sheƙinta. Ka shinshina injin ma, domin abin da ya ƙone yana barin wari.

Abin da mita za ta gaya maka

Ka ce kun gwada wani batir, tambayata ita ce ko kun auna shi. Batirin waya cikakke yana nuna bolt 4.2 zuwa 4.4, na tsaka-tsaki 3.7 zuwa 3.85, kuma yawancin wayoyi ba sa tashi idan ya yi ƙasa da kusan 3.4. Batirin da ya daɗe a kantar shago yana iya zuwa da ƙasa da haka, na wata wayar kuma ko soket ɗinsa ya shiga ba lallai ne jerin ƙafafunsa ya zo ɗaya ba. Bayan ƙafar fositib da ta negetib akwai ƙafar da wayar take jin zafin batir da ita, wadda in ta yanke wayar takan ƙi caji ko ta ce zafi ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ka auna tsohon batirin ma. In ka same shi sifili, ko dai allon kariyarsa ne ya rufe, ko wani abu a kan inji ne ya zuƙe shi cikin dare, kuma na biyun nan shi ne abin nema.

Sai ka bi wutar caja taki-taki: bolt 5 a bayan bakin caji, bolt 5 a ƙarshen dogon fileks, bolt 5 a soket ɗin inji, bolt 5 bayan abin kariya. Na sha ganin an canja daunbod alhali fileks ɗin ne ya tsage a inda ya lanƙwashe ƙarƙashin batir, haka kuma sabon daunbod na kasuwa ba shaida ba ne har sai an ga wuta ta fita daga gare shi.

Daga nan a cire batir da caja, a mayar da mitar awo mai tsinke biyu kan alamar dayod, a ɗora jan tsinke a giraun, wato ramin sukuru ko murfin ƙarfe, a riƙa taɓa wuraren da baƙin tsinke. Layin wuta mai lafiya yakan nuna wani abu tsakanin 0.3 da 0.7. Idan ya nuna sifili ko dab da shi, layin ya haɗe da giraun, shot ke nan. Idan ya nuna OL a inda ya kamata a ga lamba, layin ya yanke. A nan akwai tarko biyu da suke kama masu koyo. Na farko, ƙafar fositib ta soket ɗin batir tana iya nuna lafiya alhali babban layin da ke bayan IC na caji yana da shot, domin akwai makunni a tsakaninsu, saboda haka dole a auna kafasitocin babban layin su ma, wato ƙananan kayan nan da suke riƙe wuta na ɗan lokaci. Na biyu, layukan da suke ciyar da cikin CPU a ɗabi'arsu suna nuna lamba ƙasa ƙwarai, har mita takan yi ƙara a kansu, kuma da yawa sun cire lafiyayyun kafasitoci a banza saboda wannan ƙarar. Maganin duka biyun shi ne kwatantawa da lafiyayyen inji iri ɗaya, ko duba taswirar injin a kwamfuta. Ina shawartar duk ɗan koyo ya buɗe littafi, duk lafiyayyar wayar da ta zo canjin sikirin ya auna soket ɗin batirinta da na caji ya rubuta, bayan 'yan watanni littafin nan zai fi masa wasu kayan aiki amfani.

Na'urar da ta fi kowace faɗin gaskiya ita ce fawa-safulai ta kan tebur, wadda take ba da wuta gwargwadon yadda aka saita ta, tana nuna abin da ake ja. A saita ta a bolt 4 zuwa 4.2, a ƙayyade mata amfiya 2, a jona ta a madadin batir da igiyar da ta dace da samfurin, domin wasu wayoyin ba sa tashi in ba su ji ƙafar shaidar batir ba. Kafin a danna komai ya kamata a ga sifili. Idan lambar ta yi tsalle ta buga iyaka nan take, bolt kuma ya faɗi, akwai cikakken shot a babban layi. Idan tana jan 'yan miliamfiya ba a danna komai ba, akwai yoyo, irin wanda ruwa yake bari. Idan sifili ne, sai a danna madannin kunnawa a zuba ido. Lafiyayyar waya tana hawa mataki-mataki, daga gomman miliamfiya zuwa ɗari biyu ko uku, ta yi ta kai-komo, ta haura ɗari biyar sa'ad da sikirin ya kama. Wadda ba ta motsa ko kaɗan ba, a duba madannin, domin layinsa yana ɗauke da wuta wadda take faɗuwa sifili in an danna, in kuwa hakan yana faruwa to IC na wuta ne bai amsa ba. Wadda ta hau 'yan gommai ta tsaya cak, IC na wuta ya tashi amma CPU bai ci gaba ba. Wadda ba ta jan komai sai an danna sannan ta yi tsalle sama, shot ɗin yana kan ɗaya daga ƙananan layukan da ke bayan IC na wuta. Lambobin suna bambanta daga samfuri zuwa samfuri, yanayin motsinsu ne abin karantawa.

Neman inda shot yake

Babban layin wuta kamar babban bututun ruwan unguwa ne, gidaje da yawa suna sha daga gare shi, in ya fashe a ƙofar gida ɗaya kowa ya rasa ruwa, kuma daga bakin famfo ba za ka san a ina ya fashe ba. Duk kafasiton da ke kan layin zai nuna maka sifili a mita, guda ɗaya ne kuwa mai laifi. Abin da yake tona masa asiri shi ne zafi, domin ta cikinsa wutar take zurarewa.

Masu hali suna amfani da kyamarar zafi, amma ƙaron rozin, wanda ake amfani da shi wajen liƙin dalma, yana yin aikin da kuɗi kaɗan. Ana narka shi a bakin ƙarfen liƙi a bar hayaƙinsa ya sauka a kan inji har ya yi fari fat. Sai a liƙa siririyar waya a kan layin da ke da shot, ɗaya kuma a giraun, a tura wuta kaɗan, a fara da ƙasa da bolt 1 da amfiya 1, kuma ko ana ƙarawa kada a wuce ƙarfin da layin ya saba ɗauka, domin tura bolt 4 a layin bolt 1.8 kashe duk abin da ke kansa ne. Cikin daƙiƙa biyu ko uku za ka ga farin ya narke a wuri ɗaya, ya koma ruwa mai sheƙi a kan wani ɗan kafasito, alhali maƙwabtansa suna nan da farinsu. Ɗigon sifirit mai ƙarfin kashi 99 ma yana nunawa, inda ya fara bushewa nan ne zafin yake. Na taɓa karɓar wata waya da ta zaga hannaye da hukuncin a canja inji, rozin ya narke a kan kafasito guda kusa da IC na ƙara ƙarfin sabis, da na ture shi da bakin ƙarfen liƙi shot ɗin ya ɓace, wayar ta tashi da komai nata a ciki. Irin wannan kafasiton da ke tsaye tsakanin layi da giraun waya takan yi aiki ba shi, ko da yake mayar da wani mai girma ɗaya daga matacciyar inji ya fi.

A nan ma a yi hattara: ba duk abin da ya yi zafi ne mai laifi ba. IC na caji yakan yi zafi saboda wutar da take ratsa shi zuwa shot ɗin da ke gaba, shi ya sa ake tura wutar kai tsaye a kan layin da ya lalace maimakon ta soket ɗin batir. A wayarku, tun da a caji ta mutu, zan fara da dayod ɗin kariya na layin shigar wuta, sannan IC na caji da kafasitocin da ke kewaye da shi.

Idan babu shot

Idan mita da fawa-safulai duk sun wanke babban layi, sai a koma kan koyil-koyil da ke zagaye da IC na wuta, a danne madannin kunnawa ana auna su ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne ne bai fitar da wutarsa ba. Layin da ya ɓace ko dai yana da shot, ko IC ɗin ne ya gaza. Idan duk sun fito amma wayar ta maƙale a 'yan gomman miliamfiya, zargi ya koma kan CPU da RAM da ma'adana: ko ƙwallayen dalmar da ke ƙarƙashinsu sun tsage saboda faɗuwa, ko ma'adanar ce ta gaji, ko manhajar tashi ce ta lalace. Mutuwar ma'adana takan yi sallama kafin ta zo, wayar ta riƙa nauyi, tana kashe kanta, tana tsayawa a tambarin kamfani, shi ya sa tambayoyin farko suke da amfani har a wannan matakin. Kada ka yi saurin yi mata filashin, wato sake zuba mata manhaja, domin yawancin hanyoyinsa suna share abin da mai wayar ya zo nema.

Maganar buluwa da bayanan mai waya

Hura wa inji buluwa ba tare da an san abin da ake nufi da zafin ba shi ne abin da na fi hana yarana. Dalmar da kamfanoni suke amfani da ita, wadda ba ta da gubar darma, sai wajen digiri 217 take narkewa, tamu ta shago kuwa a 183. Kafin zafi ya kai ga narka ta ƙarƙashin IC, ya riga ya gasa duk abin da ke kusa. CPU da ma'adana kuma galibi an zuba musu gam mai tauri a ƙarƙashi, in dalmar ta narke a cikinsa ba ta da wajen zuwa sai ta matse ta haɗe da maƙwabciyarta, garin neman gira a rasa ido. Gaskiya ne wani lokaci waya takan tashi bayan an hura mata, abin da ya sa al'adar ta ƙi mutuwa ke nan, amma tsagewar da zafi ya rufe takan sake buɗewa bayan 'yan kwanaki, kafasiton da ya yi shot kuwa zafi ba ya warkar da shi. Tun da an riga an hura wa wannan, ka duba da madubi ko akwai ƙananan ƙwallayen dalma da suka tsartso a gefen IC, ko kayan da suka goce daga mazauninsu, kuma duk wanda za a kai wa ita a gaba a gaya masa inda aka sa zafin.

Sayen wani inji zai tayar da wayar amma ba zai dawo da hoto ko ɗaya ba, domin bayanan suna cikin ma'adanar tsohon injin. Ɗauke ma'adanar a kai ta wani injin ma ba ya wadatarwa a wayoyin yanzu, saboda bayanan a kulle suke da mabuɗin da ke ɗaure da CPU ɗin wayar, kuma wannan kullewar wajibi ce a kan wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama. Hanyar da ta rage in injin ya ƙi gyaruwa ita ce a ɗauke CPU da RAM da ma'adana tare a dasa su a kan lafiyayyen inji iri ɗaya, aikin da yake buƙatar madubi mai kyau da hannun da ya daɗe yana yi, kuma ko a hannun gwani ba kullum ake dacewa ba. In ma'adanar ce da kanta ta mutu, babu abin da shago irin namu zai iya fitarwa. Injin kasuwa na hannu kuma yana zuwa da lambar IMEI, wato lambar shaida, ta wata wayar, in ta sata ce, mai wayarku ne za a bi, kuma shagonku zai nuna.

Daga nesa ba zan iya ce maka ga abin da ya lalace ba, lambobin da za ka samu ne za su faɗa. Ka nemi izinin maigidanka cikin ladabi ya bar maka injin na yini ɗaya, ka auna tsohon batir, ka bi bolt 5 har zuwa IC na caji, ka ɗauki awon dayod na soket ɗin batir da na babban layi, ka ga abin da take ja kafin dannawa da bayan dannawa. In shot ne a kan kafasito ko dayod, aikin bai fi ƙarfinka ba. In ya kai ga ɗaga IC na wuta ko CPU, ka tura ta wajen wanda ya ƙware a aikin inji tare da lambobin a rubuce, ka fara koyon ɗaga IC a kan matattun injina. Shi kuma mai wayar, tun yau ya shiga asusunsa na Google a wata wayar, domin sau da yawa lambobin mutane suna can a ajiye ba tare da ya sani ba, haka ma saƙonnin WhatsApp da hotuna in ya taɓa kunna ajiyarsu. Idan wayar tana da katin memori, a cire a ba shi ya duba kafin a ci gaba da aiki a kan injin.